Jiragen Kasabalanka guda 50: dabara ce ko akwatin gawa?

Usman Ɗalibi:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Jiya da daddare ina duba hotunan Yaƙin Duniya na Biyu sai na ci karo da wani da ya tsaya mini a rai: jiragen ruwa masu dakon jiragen sama a jere a bakin wani kogi, kamarsu ɗaya sak kamar an buga su da hatimi. Wai kamfani ɗaya ne ya ƙera guda 50, kuma duka sun shiga aiki cikin shekara ɗaya. Ni dai a sanina irin wannan jirgi shekaru ake yi ana fama da guda ɗaya. Malam Garba, gaskiya ce ko ƙarin gishirin intanet ne?

Malam Garba:
Wa alaikumus salam, Usman. Babu ƙarin gishiri ko ƙwaya ɗaya. Ana kiran zubinsu Kasabalanka, saboda sunan na farkonsu ke nan, tunawa da gwabzawar da aka yi a gaɓar birnin Kasabalanka na Maroko a Nuwamba 1942. An fara haɗa na farko ranar 3 ga Nuwamba 1942, ya shiga aiki 8 ga Yuli 1943. Na 50, mai suna Munda, ya shiga aiki 8 ga Yuli 1944. Yi lissafi da kanka, kusan kowane mako jirgi guda ke nan. Kogin da ka gani shi ne Kolumbiya, garin kuma Vancouver ta jihar Washinton a Amurka, kada ka haɗa da ta Kanada.

Dalilin yin su kuwa ayari ne. Ingila tsibiri ce, abincinta da manta da makamanta duk ta ruwa suke zuwa. Jiragen kaya sai su taru su yi ayari su tsallaka Atlantika, jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus kuma su yi musu kwanton ɓauna. Abin da jirgin ƙarƙashin ruwa na wancan zamani ya fi tsoro shi ne jirgin sama, don yawancin tafiyarsa a saman ruwa yake yi, nutsewa ta dole ce, in ya nutse kuma ba shi da sauri, ayari zai wuce ya bar shi. To amma a tsakiyar teku akwai wani fage da jiragen sama masu tasowa daga tudu ba sa iya kaiwa, man su ba zai kai su ya dawo da su ba. Nan ne mahauta. Maganin shi ne ayari ya tafi da filin jirginsa. Ingilishi suka fara gwadawa a 1941 da wani jirgin kayan Jamus da suka kama, suka aske masa kai suka shimfiɗa dandamali suka sa masa suna Audacity. Bai ga ƙarshen shekarar ba aka nutsar da shi a Disamba, amma ya riga ya nuna abin yana yi.

Usman Ɗalibi:
To Malam wane ne mai kamfanin? Sojan ruwa ne?

Malam Garba:
Ina! Henry Kaiser ɗan kwangila ne, mutumin siminti da tsakuwa. Hanyoyi da madatsun ruwa ya sani, yana cikin waɗanda suka gina madatsar Hoover. Da yaƙi ya zo sai ya faɗa ƙera jiragen kaya samfurin Liberty, har a Nuwamba 1942 wata ma'aikatarsa ta Kalifoniya ta haɗa guda cikin ƙasa da kwana biyar don nuna bajinta. Shi ne ya kai wa manyan sojan ruwa shawarar ƙananan jiragen dako masu yawa, suka yi masa kallon sama da ƙasa suka sallame shi. Bai yi zuciya ba, ya zagaya ta wajen Shugaba Roosevelt, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. A tsakiyar 1942 aka ba shi aikin. Matar shugaban, Eleanor, ita ce ta yi bikin tura na farkon cikin ruwa a Afrilu 1943.

Hajiya Rabi:
Malam, Allah ya gafarta maka, ka faɗi na daɗi ka bar na ɗaci. Su yaran da aka zuba a ciki wane suna suka sa musu? Akwatin gawar Kaiser. Haruffan nan uku da ake rubuta wa irin waɗannan jirage, CVE, su matuƙan cewa suke fassararsu ita ce: mai saurin kama wuta, mai saurin jin rauni, kuma wanda in ya salwanta ba a yi asara ba. Wasa suke, amma wasan da gaskiya a ciki.

Ku dubi Liscome Bay, na biyu a jerin. A Agusta 1943 ya shiga aiki. Ranar 24 ga Nuwamba, da asuba, kusa da tsibirin Makin a tekun Fasifik, jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan mai lamba I-175 ya sakar masa topido, wato bam mai gudu cikin ruwa. Guda ɗaya tak ta same shi, daidai wajen ɗakin ajiyar bama-bamai. Rabin jirgin na baya ya tashi sama. Tarkace har kan wani babban jirgin yaƙi da ke nesa da sama da kilomita ɗaya ya zubo. Minti 23 ya nutse, mutum 644 suka tafi. Sojojin ƙasa da suka mutu wajen ƙwace tsibirin kansa ba su kai 70 ba. Na yi aikin jinya shekara 31, na san yadda ƙuna take. Kada wani ya zo yana mini kirarin jirgi guda kowane mako. Araha ba ta ado.

Sani Mai Walda:
Hajiya barka da yamma. Ni ba ɗan boko ba ne amma da aka ce walda sai kunnena ya miƙe. A gaya mini, ta yaya ake haɗa abu mai wannan girma cikin 'yan watanni bai tsage ba? Mu nan tankin ruwa na lita dubu biyar in ka yi masa gaggawa, ƙarfen ya sha zafi ta gefe ɗaya, sai ka ga ya murɗe kamar ganyen da ya sha rana. Dole ka ɗiga nan, ka tsallaka can, ka bari ya huce, sannan ka dawo ka ja layi.

Injiniya Aliyu:
Malam Sani, abin da ka faɗa shi ne sirrin, sai dai su sun mayar da shi tsari. Da can ana haɗa jirgi ne a wuri ɗaya, falle bayan falle, da ƙusoshin ribit, kuma mai buga ribit sai ya daɗe yana koyo. Kaiser sai ya rarraba jirgin gunduwa-gunduwa. Ana haɗa kowace gunduwa a ƙasa cikin rumfa, a juya ta yadda mai walda zai yi aiki yana kallon ƙasa, ba ya ɗaga kai narkakken ƙarfe yana zubo masa a wuya ba. Kai ka san bambancin. Wannan ya sa wanda bai taɓa riƙe abin walda ba, har da dubban mata da suka shigo aikin, cikin 'yan makonni zai iya. Sai ƙugiya ta ɗauki gunduwar ta aza a mazauninta. Kuma tunda guda 50 ne iri ɗaya, kuskuren da aka yi a na uku ba za a maimaita shi a na goma ba.

Girmansa: tsawo mita 156, dandamalin sauka wajen mita 145, wato filin ƙwallo ɗaya da kusan rabi. In an cika shi maƙil nauyinsa wajen tan 10,900. Jiragen sama 27 ko 28, mutane wajen 900 in an haɗa da matuƙa. Lifta biyu masu ɗaga jirage daga garejin ƙasa, majaujawa ɗaya a gaba mai cilla jirgi sama. Babbar igwa ƙwaya ɗaya ce rak, mai baki inci 5, ita ma a gindi take, sauran duk ƙananan bindigogin kakkaɓo jirage ne. Sulke kuwa kusan babu. A nan Hajiya tana da gaskiya.

Sani Mai Walda:
Igwa ɗaya kuma a baya? Ashe tun a wajen ƙira an san gudu zai yi.

Injiniya Aliyu:
Gudun ma ina yake? Ƙarshen saurinsa kilomita 35 a awa. Manyan 'yan'uwansa samfurin Essex suna haura 60, suna ɗaukar jirage wajen 90.

Amma bari in tsaya kan injin, don nan ne ni abin ya fi burge ni. Shekarata 14 a ɗakin injin jiragen ruwa, kuma ba na jin da ni ne zan yi wannan tunanin. Jiragen yaƙi na lokacin da tabain suke tafiya, tururi ya busa fukafukai su yi ta juyawa da gudun tsiya. Matsalar ita ce farfela ba ta son wannan gudun, sai an sa manyan giyoyi masu rage shi, kuma yanka haƙoran waɗannan giyoyi aiki ne na 'yan tsirarun masana'antu. Duk abin da suka fitar an riga an yi masa miji: manyan jiragen dako, kuruza da distiroya, wato matsakaita da ƙananan jiragen yaƙi. Da Kaiser ya shiga wannan layi da sai yaƙi ya ƙare bai samu ba. Sai aka koma wa tsohuwar zuma, injin fistin mai aiki da tururi, dangin na tsohon jirgin ƙasa mai gawayi. Ƙirar kamfanin Skinner ce, ana ce musu Unaflow. Dabararsu ita ce tururi yana shiga ta bakin silinda, ya tura fistin, ya fita ta wasu ƙofofi da ke tsakiya, hanya ɗaya ba komawa. Saboda haka tururin da ya huce ba ya bi ta inda mai zafi zai shigo balle ya sanyaya wurin. Fistin kuma kai tsaye yake juya sandar farfela, ba ruwansa da giya. Inji biyu, farfela biyu, ƙarfin doki 9,000 gaba ɗaya, kuma kowane inji da ɗakinsa daban don in ruwa ya ci ɗaya, ɗaya ya rage.

Samfurin Bogue da suka riga su, jikin jirgin kaya ne aka juya, farfela ɗaya, kuma daɓen garejinsu a lanƙwashe yake kamar na jirgin kaya, tura jirgin sama a kai in teku ta tashi sai an yi da gaske. Na Kasabalanka tun daga zane aka yi shi don wannan aiki, daɓensa a miƙe.

Hajiya Rabi:
Injiniya, duk na ji. Inji mai kyau a cikin gwangwani.

Musa na Damagaram:
Sallama gare ku. Ni ina ganin Yaya Hajiya da Injiniya duk kun tsallake wani abu, shi ne kwanan wata. Malam ya ce don ayarin Atlantika aka yi odar su. To yaushe aka karya lagon jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus? Mayu 1943. A wannan wata kaɗai sun rasa sama da 40, har shugaban sojan ruwansu, Admiral Dönitz, ya janye su daga arewacin Atlantika. Abin da ya yi wannan aiki: jiragen sama masu dogon zango samfurin Liberator, na'urar rada, karanta saƙonnin sirrin Jamus, da 'yan jiragen rakiya irin su Bogue. Na farkon Kasabalanka kuwa sai Yuli ya shiga aiki. Wato sun iso an riga an yi sadakar bakwai.

Shi ya sa kaɗan ne cikinsu suka yi aiki a Atlantika. Mafi yawa Fasifik aka tura su, aka ɗora musu aikin da ba shi aka yi cinikinsu a kai ba. Wasu suka zama motar haya, suna jigilar sabbin jirage da matuƙa zuwa ga manyan jiragen dako. Wasu kuma aka ce su tsaya a bakin tsibiran da ake mamayewa, kwana da kwanaki a wuri ɗaya, suna yi wa sojan ƙasa ruwan wuta ta sama. Ku duba guda biyar ɗin da aka nutsar: Liscome Bay a Makin, Gambier Bay da St. Lo a Leyte, Ommaney Bay a hanyar Lingayen, Bismarck Sea a Iwo Jima. Duka a wajen mamaya ne. Ko ɗaya bai mutu yana rakiyar ayarin 'yan kasuwa ba. In ka ɗauki jakin kai ka sa shi sukuwa ya karye, laifin mai jaki ne ko na wanda ya sayar maka?

Hajiya Rabi:
Ƙanena Musa, wannan magana ta fi shiga kaina. Amma ba ta wanke kowa ba, sai dai ta matsar da laifin daga ofishin Kaiser zuwa ofishin masu anini a kafaɗa.

Malam Garba:
Hajiya, in ba su tsaya a bakin tsibiran ba, wa zai tsaya? Manyan jiragen ai suna da nasu farautar. Kuma tunda Musa ya ambaci Leyte, ku ba ni dama, don wannan safiya ita ce ta sa har yau ake tuna waɗannan jirage.

Ranar 25 ga Oktoba 1944, gabas da tsibirin Samar a Filifin. Admiral Halsey ya kwashe manyan jiragen Amurka ya yi arewa yana bin wata rundunar Japan da aka turo da gangan don ta janye shi, jiragen dako ne kusan babu jirage a kansu. Ya bar mashigar San Bernardino a buɗe. Cikin dare Admiral Kurita ya sulalo ta nan da manyan jiragen yaƙi 4, manyan kuruza 6, ƙanana 2, da distiroya 11. A cikinsu har da Yamato, mai igwa masu baki santimita 46, wanda shi kaɗai nauyinsa ya kai na dukan rukunin da ya tarar a gabansa. Rukunin kuwa, da ake kira Taffy 3 ƙarƙashin Admiral Clifton Sprague, Kasabalanka 6 ne da distiroya 3 da ƙananan 'yan rakiya 4.

Gari na wayewa, kafin ƙarfe bakwai, sai ga harsasai suna faɗowa. Japanawa suna sa rini a harsashinsu don kowane jirgi ya gane inda nasa ya sauka, don haka ruwa ya dinga tashi ja, kore, rawaya kewaye da su. Sprague ya juya ya fuskanci iska ya sallami duk jirgin da zai iya tashi da duk abin da ke jikinsa. Yawancinsu makaman tallafa wa sojan ƙasa ne ko na farautar jirgin ƙarƙashin ruwa, ba na fasa sulke ba. Ya sa aka turnuƙe teku da hayaƙi, Allah kuma ya kawo wani ɗan ruwan sama ya shige ciki ya ɓuya na 'yan mintoci. Kwamandan distiroya Johnston, Ernest Evans, bai jira umarni ba ya juya ya tunkare su shi kaɗai. Matuƙan jiragen sama samfurin Wildcat da Avenger kuwa, in harsashi ya ƙare sai su ci gaba da kawo farmakin ƙarya hannu wofi, don dai jiragen Japan su yi ta kaucewa suna ɓata lokaci. Jiragen sauran rukunai biyu da ke kudu su ma suka kawo ɗauki.

Ga abin mamakin da ya shafi maganar Hajiya. Kurita ya ɗauka manyan jiragen Halsey ne a gabansa, sai mutanensa suka loda harsashi mai fasa sulke. Irin wannan harsashi sai ya daki ƙarfe mai kauri yake tashi. Da ya samu jikin Kasabalanka sai ya shiga ta nan ya fita ta can bai fashe ba. Kalinin Bay ya sha fiye da goma, ya yi ta yoyo, amma da ƙafarsa ya tafi. Gambier Bay ne bai yi sa'a ba: harsashi ya fasa masa ɗakin inji na gaba, saurinsa ya faɗi, kuruza suka cim masa suka gama da shi. Shi kaɗai ne jirgin dakon Amurka da igwar jirgin ruwa ta nutsar a duk yaƙin. Cikin masu yi musu rakiya, Johnston da Hoel da Samuel B. Roberts su ma suka tafi. Amma Japan ta rasa manyan kuruza uku, Chokai da Chikuma da Suzuya, kuma bayan ƙarfe tara kaɗan Kurita ya ce a juya.

Usman Ɗalibi:
Malam ai na karanta cewa wannan igwa ɗaya ta gindi da Malam Sani yake yi wa dariya, ta jirgin White Plains, ita ce ta harbi topidon da ke kan Chokai ya fashe ya kashe shi!

Injiniya Aliyu:
Ƙanena, an daɗe ana faɗin haka, labari ne mai daɗi. Amma a 2019 masu bincike sun gano gawar Chokai a ƙasan teku, suka tarar da wurin topidonsa bai fashe ba. Sai mu haƙura da wannan.

Hajiya Rabi:
Malam, kai da bakinka ka ce siririn jiki ne ya cece su saboda abokin gaba ya yi kuskure. Wannan ai ba ƙira ba ce, rabo ne. Kuma ba ka ƙarasa ranar ba. Kafin ƙarfe goma sha ɗaya, mutane suna murna sun tsira, sai ga jirgin ƙunar baƙin wake ya faɗa kan St. Lo, bam ɗinsa ya huda dandamali ya tashi a gareji inda ake loda wa jirage mai da makamai. Rabin awa ya nutse. Shi ne babban jirgi na farko da 'yan ƙunar baƙin waken Japan suka nutsar. Waɗanda suka tsira daga Gambier Bay da distiroyoyin kuma kusan kwana biyu suka yi a ruwa, ga ƙishirwa ga kifayen shak, kafin a zo ɗaukarsu. Ommaney Bay a 4 ga Janairu 1945, wuta ta gagara har nasu suka ƙarasa shi da topido. Bismarck Sea a 21 ga Fabrairu, mutum 318. Salon mutuwar ɗaya ne: abu ya shiga, ya tarar da fetur da bam babu katanga tsakani.

Malam Garba:
Ban musa ba. Sai dai fetur da bam a gareji ciwon duk wani jirgin dako ne na wancan zamani. Franklin babba ne samfurin Essex, a Maris 1945 bam biyu suka same shi, sama da mutum 700 suka mutu.

Hajiya Rabi:
Amma bai nutse ba, ya koma gida.

Malam Garba:
Ya koma. Wannan kin ci.

Musa na Damagaram:
Ku auna da ɗaya ɓangaren. Japan ma tsibiri ce mai rayuwa da ayari, amma ta raina aikin rakiya. 'Yan ƙananan jiragen dakon da ta juya daga jiragen fasinja ba su da majaujawa, kuma huɗu daga ciki, Chuyo da Taiyo da Unyo da Shinyo, jiragen ƙarƙashin ruwan Amurka ne suka nutsar da su. Man da take ɗebowa daga kudu ya yanke. Su Amurka 50 suka zuba, biyar suka tafi, 45 suka ga ƙarshen yaƙi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Kuma inda aka bar su suka yi aikin gadonsu, sun yi. Ɗaya daga cikinsu mai suna Guadalcanal, ƙarƙashin Kyaftin Daniel Gallery, a Afrilu 1944 rukuninsa ya nutsar da jiragen ƙarƙashin ruwan Jamus U-515 da U-68 kwana ɗaya tsakani. Gallery ya lura in jirgin ƙarƙashin ruwa ya ji rauni ya taso, mutanensa buɗe wa ruwa hanya suke yi su yi tsalle. Sai ya ce me zai hana a riga ruwan? Ya horar da 'yan tsallake. Ranar 4 ga Yuni 1944, a nan gefenmu, yamma da gaɓar Sahara ta saman Muritaniya, suka tilasta wa U-505 fitowa. Jamusawa suka watse cikin ruwa, jirgin yana ta kewaya shi kaɗai da inji a kunne. Wasu 'yan mutane daga jirgin Pillsbury, Laftanar Albert David a gaba, suka bi shi da kwalekwale suka dira ciki, ba su san ko an ɗana nakiya ba. Suka tarar ruwa yana bulbulowa ta wani bututu da aka cire wa murfi, ɗayansu ya lalubo murfin a kusa ya mayar ya ɗaure. Suka kwaso littattafan sirri da Enigma, na'urar da Jamus ke rufe saƙonninta da ita. Rabon sojan ruwan Amurka da kama jirgin abokin gaba a tsakiyar teku tun 1815.

Sani Mai Walda:
Wannan mai mayar da murfi shi ne mutumina. Ai sai a ba shi kyauta.

Musa na Damagaram:
David ne aka ba babbar lambar yabo. Gallery kuwa da farko fushi ya tarar daga sama, don ana tsoron in Jamus ta ji an kama jirgin za ta canza lambobin sirrinta da ake karantawa, ga shi saura kwana biyu sojojin ƙawance su sauka Normandi ta Faransa. Aka ja shi a ɓoye har Bamuda, fursunonin kuma aka killace su ba wanda ya san suna raye sai bayan yaƙi.

Malam Garba:
Tunda an zo gefenmu, ga ɗan tsokaci. Jigilar jiragen sama ta ruwa ta taɓa mu tun kafin a haifi waɗannan. Daga 1940 Ingilishi suna kawo jirage Takoradi a Gana, wasu a akwati wasu a kan jiragen dako irin su Furious, a haɗa su a can, su tashi su bi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy wato Njamena ta yau, El Fasher, Khartum, har Masar. Tsofaffin Kano da suka ga yaƙin Hitila da idonsu, ta wannan hanya suka gan shi. Amma Kasabalanka ba su cikin wannan, kada Usman ya je ya rubuta a jarrabawa.

Hajiya Rabi:
Ni kuma bari in ƙara suna ɗaya kafin in tashi sallah. A cikin 644 na Liscome Bay akwai Admiral Mullinnix, akwai kyaftin ɗin jirgin, akwai kuma wani baƙar fata mai aikin kicin, Doris Miller. Shi ne wanda ranar harin Pearl Harbor ya ɗauko raunanan mutane sannan ya kama bindigar da ba a taɓa koya masa ba ya yi ta harbi, a lokacin da baƙar fata a sojan ruwan Amurka ba ya wuce girki da wanke-wanke. Shi ne baƙar fata na farko da aka ba lambar Navy Cross. Aka zagaya da shi gari-gari ana nunawa, sannan aka mayar da shi kicin, a ɗaya daga waɗannan jirage. A 2020 suka sanar za su sa sunansa a wani katafaren jirgin dako mai aiki da nukiliya. Musa, a lissafinka na biyar cikin 50 ina ka ajiye shi?

Musa na Damagaram:
Ba shi da gurbi a ciki, Yaya. Kamar yadda naki lissafin ba shi da gurbin sojan da ke kwance a rairayin tsibirin Saipan yana jiran jirgi ya zo ya ɗauke masa igwar da ta hana shi ɗaga kai.

Hajiya Rabi:
To. Sai na dawo.

Usman Ɗalibi:
Yanzu akwai wanda ya rage da mutum zai je ya gani?

Injiniya Aliyu:
Ko ɗaya. Da aka gama yaƙi sun yi jigilar sojoji zuwa gida, daga nan aka ɗaure yawancinsu. Jiragen sama sun ƙara nauyi da gudu, dandamalin ya yi musu kaɗan, injin fistin kuma sojan ruwa ba su da sha'awar riƙe shi. Kaɗan sun yi dakon jirage lokacin yaƙin Koriya. Thetis Bay aka juya shi ya zama na helikwafta a tsakiyar shekarun 1950. A ƙarshe kusan dukansu 'yan gwangwan suka yanka. U-505 da suka kamo shi ne yake nan, a gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Shikago tun 1954, ana shiga cikinsa.

Sani Mai Walda:
Wato ɓarawon yana nan an yi masa ɗaki, ɗan sandan an sayar da shi a kilo. Injin fa, Oga? Shi nake son in gani yana motsi.

Injiniya Aliyu:
Akwai wani jirgin fito mai suna Badger a tafkin Michigan, tun 1953 yake aiki, da gawayi, kuma injinan Skinner Unaflow ne a cikinsa. Ba irin na Kasabalanka ne sak ba amma gida ɗaya suka fito. Bidiyon ɗakin injinsa yana YouTube.

Sani Mai Walda:
Turo mini ta WhatsApp. Ka haɗa da zanen ƙofofin nan na tsakiyar silinda, don har yanzu ban gane abin da yake rufe su ba in tururi ya shigo.

Injiniya Aliyu:
Fistin ɗin da kansa. Dogo ne, jikinsa ne murfin. Sai ya kai ƙarshen tafiyarsa suke buɗewa.

Sani Mai Walda:
Kamar na babur mai cin baƙin mai a cikin fetur ke nan! An kawo wuta, bari in je in ƙarasa ƙofar mutane.